Barista, Je Ka Kashe Maganar Nan

Lauyan da ya buɗe ofishinsa a cikin gari yana da wani gata da ni ba ni da shi: yana ganin wanda yake karewa ido da ido. Mutum ne da hularsa da takalminsa, zai yi sallama ya zauna, ya faɗi abin da ya faru, ya yi 'yar ƙaryar da zai yi, ya biya rabin kuɗi, ya ɓace. Wanda nake karewa kuwa ba shi da fuska ɗaya. Ƙaramar hukuma ce, ɗaya daga cikin 44 na jihar Kano, ɗaya daga cikin 774 na ƙasar nan, kuma tsarin mulkin 1999 ya jibga mata ayyukan da kowanne ka taɓa akwai rigima a ƙarƙashinsa: kasuwa, tashar mota, mayanka, maƙabarta, harajin gidaje, lasisin keke da amalanke, raɗa wa tituna suna, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Duk inda talaka zai gogu da hukuma kafin azahar, mu ne a wurin. Wanda aka taka wa ƙafa kuma, teburina takardarsa take sauka.

Masu zaton wahalar aikin nan tana wajen abokan shari'a ba su taɓa yinsa ba. Wanda ya kai ka ƙara ai ka san abin da yake so, ya ma rubuto maka shi dalla-dalla, ya biya kuɗi aka kawo maka har ofis. Naka na gida su ne ba ka san ta inda za su ɓullo ba.

A fara da mai gida. Ciyaman iri-iri ne, akwai zaɓaɓɓe, akwai kantoma, akwai na riƙon ƙwarya, amma in dai maganar lauya ce, uwa ɗaya ta haife su: ba sa tuna akwai shi sai katafila ta gama aiki. Ranar da za a rushe rumfunan bakin tasha an gayyaci mai ɗaukar hoto, an gayyaci 'yan sanda da 'yan sintiri, har mai lasifika an ba shi na mai. Lauya kaɗai ne bai ji ba. Sai an kwana biyu masinja ya zo a guje, wai Ciyaman na nemanka yanzu-yanzu. Ka shiga ka tarar da shi a tsakiyar jama'a, ya miƙo maka takarda da yatsu biyu: "Barista, je ka kashe maganar nan." Ka duba, ka ga umarnin kotu ne na dakatar da rusau, kwanan watansa ya riga rusau ɗin da kwana uku. Ka ce, ranka ya daɗe, wannan ai tun kafin a yi aikin aka kawo shi. Ya ce, "To ai shi ya sa muke da lauya." Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda ba ta taɓa canzawa: "Ka san alƙalin?" In ka ce ka san shi, to me ake jira. In ka ce ba ka san shi ba, ya waiwayi sakatare da irin kallon nan na wa ya ɗauko mana wannan.

Abu ɗaya ne ke sa Ciyaman ya sallami jama'a, ya rufe ƙofa, ya ce a kawo maka lemo mai sanyi. Shi ne ranar da aka kawo fom na 48 da sunansa a jiki, ka kuma fassara masa cewa bayan wannan akwai na 49, bayan na 49 kuma gidan yari ne saboda raina kotu. A ranar kai ne "ɗan'uwana". Har gida zai kira ka bayan isha ya tambayi yara.

Sabon hawa shi kuma ya yi imani cewa ranar da aka rantsar da shi aka halicci duniya. Bashin kwalbatin da ya gada? "Ni na ci? Su je su sami wanda ya sauka a gidansa." Ka yi ta bayani cewa mutum ne ke sauka, hukuma tana nan da bashinta. Yana gyaɗa kai yana latsa waya.

Akawun karɓar wasiƙu magana ɗaya ta ishe shi: zai karɓi sammaci, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya ɗora kwanon shinkafa da wake a kai, ya kawo maka shi bayan wa'adin shigar da kariya ya wuce, da shatin manja a kan lambar ƙara. Kansila kuma ba ya zuwa sai da murmushi. Mai ƙarar nan ɗan mazaɓarsa ne, akwatu uku ke hannunsa, ko Barista zai ɗan sassauta. Wata shida da suka wuce shi ne ya miƙe a zauren majalisa ya kawo ƙudurin a ƙwace filin. Akwai kuma daraktan da ke son shawarar doka a rubuce, amma sai bayan ya kori ma'aikacin. Abin da yake so ka rubuta shi ne ya yi daidai, kuma in ba damuwa ka sa kwanan watan jiya.

Duk waɗannan 'yan rakiya ne. Gwanina, wanda in na fara zancensa uwargida take tashi ta bar mini falo, shi ne Baba mai fayil.

Baba ya yi ritaya tuntuni. An yi masa walima, an ba shi agogon bango, Litinin ta zagayo aka gan shi a kujerarsa, don a cikin kwana biyun nan an gano cewa in ya tafi, hukuma ba ta san inda ta ajiye kanta ba. Ɗakinsa yana can ƙuryar sakatariya, bayan inda matattun taraktoci ke kwance. Taga ɗaya ce, an toshe ta da kwali. Fayiloli ne tun daga daɓe har rufi, an ɗaɗɗaure su da tsumman atamfa, kuma launin atamfar shi ne tsarin ajiyar: shuɗiya ta kasuwa, mai ganye-ganye ta filaye, ja ta korarrun ma'aikata. Babu inda aka rubuta wannan. Yana cikin kan Baba, makullin kuma yana cikin aljihun Baba, ɗaure da zaren da ya ratsa ta maɓallin rigarsa. In Baba ya tafi jana'iza, tarihin ƙaramar hukuma ya tafi jana'iza. Baba kuwa mutum ne mai zumunci, ba a binne kowa a gundumomi uku bai tsaya a sahu ba. An taɓa kawo masa kwamfuta da wani yaro mai bautar ƙasa don a shigar da komai. Yaron ya gama shekararsa ya tafi da sanin asalin kowane gida a garin, kwamfutar kuma har yau tana nan cikin kwalinta, Baba na ɗora filas ɗin shayi a kai.

Neman fayil a wurinsa yana da ladubba. Ba a shiga da gaggawa, ba a kuma shiga da lamba. In ka ce kana neman fayil mai lamba kaza, zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Barista, lamba ai ta Bature ce. Gaya mini filin wane ne." Ka faɗi sunan mai ƙara. Ya yi shiru, ya ɓare goro, ya miƙo maka ɓari. Sa'an nan ya faro daga kakan mutumin: yadda ya zo daga gabas da jakuna biyu, yadda dagacin lokacin ya yanka masa gona daga tsamiya zuwa bakin burtali, yadda aka yi rabon gado aka tsallake wata ƙanwa da ta yi aure a nesa, kuma ita ce asalin rigimar, mu tsintar ta muka yi. Kafin ya kai kan jikan, an kira la'asar. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, kuma babu ko ɗaya da zan iya miƙa wa alƙali. Kotu takarda take so, kuma Dokar Shaida ta 2011 ba ta karɓar kwafin takardar hukuma sai wanda aka tabbatar, da sa hannun jami'i da muƙaminsa da kwanan wata. Sai ka ce, Baba, to ina takardar?

Nan ma ya tanadi amsa. Ko gara ta ci, ko ruwan shekarar da iska ta yaye kwano ya jiƙa ta, in kuma maganar ta yi nauyi, "Ai wannan ya tafi Jigawa." Tun 1991 aka cire Jigawa daga Kano, amma har gobe fayiloli na yin ƙaura zuwa can, har da waɗanda aka buɗe a 2005. In Jigawa ta yi nisa, ga sababbin ƙananan hukumomin da aka ƙirƙiro a 1996, su ma sun kwashi rabonsu. Ka haƙura, ka je kotu ka roƙi a ɗage, ka sake roƙo, har alƙali ya gaji ya rufe shaidarka. Washegari Baba zai shigo ofishinka da sallama, ya dire fayil ɗin a gabanka yana kaɗe ƙura: "Ashe yana ƙarƙashin buta."

Wannan duk mai sauƙi ne. Ranar da ka shiga uku ita ce ranar da aka rasa wanda zai gabatar da takarda a kotu sai mai ajiyarta, wato Baba ya zama shaidanka.

Na zaunar da shi a ofis muka bi rubutaccen bayaninsa layi-layi, na fassara masa, ya amince, ya sa hannu da ajami. Na ce, Baba, in an tambaye ka, abin da aka tambaya kawai za ka amsa: i, a'a, ko ban sani ba. Ya ce, "Ɗana, ni da na ga alƙalan En'e da idona?" Ranar shari'a ya zo da farar babbar rigarsa ta Sallah. Shaidu da yawa, in magatakarda ya tambaye su, sukan zaɓi su yi alƙawarin faɗin gaskiya ba tare da sun dafa Alƙur'ani ba. Baba ya ce shi a kawo Alƙur'ani, ya kuma nemi izini ya fita ya yi alwala. Yana fita na fara tattara takarduna.

Lauyan ɗaya ɓangaren tsohon hannu ne, bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya gyara riga, ya ce ta bakin tafinta, "Baba, an ce duk ƙaramar hukumar nan ba wanda ya kai ka sanin filayenta."

Baba ya gyara tsayuwa. Ya dubi alƙali, ya dubi jama'a, ni kaɗai ne bai duba ba. "Haka mutane ke faɗa."

"To wannan fili da hukuma ta ce nata ne, asalinsa na wane ne?"

"Na kakan wannan bawan Allah ne mana. Kowa ya sani. Tsamiyar ma tana nan."

"Da hukuma ta karɓa, ta biya diyya?"

"An dai rubuta baucha."

"An biya?"

"Ni na ajiye bauchar. Ba ta taɓa fita daga ɗakina ba."

Na miƙe zan yi suka, Baba ya ɗaga mini hannu: "Zauna, Barista, wannan ai kai ma ban gaya maka ba." Alƙali ya sunkuyar da kai yana rubutu, kafaɗunsa na rawa. Muna komawa a mota Baba ya juyo fuska cike da annuri: "Yaya ka gani? Ban ba ka kunya ba ko?" Ya kuma ce direba ya ɗan tsaya a bakin kasuwa, goronsa ya ƙare. Ni na biya.

Tunda an ambaci tafinta, a ba shi nasa. Shaida zai yi bayani mai tsawo, da rantsuwa da karin magana da sunayen matattu, tafinta ya juya ya ba kotu kalma huɗu. Wani sa'in shaida ya ce "a'a", tafinta ya yi huɗuba. Alƙali Bahaushe, lauyoyi biyu Hausawa, mai ƙara Bahaushe, kowa ya ji abin da aka faɗa da kunnensa, amma harshen babbar kotu Turanci ne, don haka abin da ya fito daga bakin tafinta shi ke shiga littafi. Dagaci kuwa shaida ne mai adalci ƙwarai: ya sa hannu a takardarmu, ya sa a ta mai ƙara, kuma in aka nuna masa su biyun zai ce duka hannunsa ne, Allah dai ya daidaita tsakani.

A can ɗaya ɓangaren akwai Alhajin da shari'a ta zame wa sana'a. Kowace ƙaramar hukuma tana da nata, namu dai na fi ganin ba na biyunsa. Yana yawo da jakar buhu cike da tsofaffin hukunce-hukunce, kowanne an manne shi cikin leda don kada ruwa ya taɓa. Ya yi ƙararmu a kan rumfa, ya yi a kan kwatar da ta bi ta ƙofar gidansa, ya yi a kan sunan titi. Bai yi boko ba, amma ya fi jami'inmu na filaye sanin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ya san takardar mallaka ta gargajiya kaɗai ƙaramar hukuma ke iya bayarwa, a ƙasar da ba birni ba, kuma da zarar gwamna ya shata wuri ya ce birni ne, hannunmu ya fita. Ya taɓa tare ni a barandar kotu ya karanto mini iyakar hekta 500 ta noma da 5,000 ta kiwo, ya tambaye ni ko an koya mana wannan a makarantar lauyoyi ta Bagauda. Ya sallami lauyoyi da dama saboda "ba su da zafi". Yana riga magatakarda zuwa kotu, yana kama mini kujera, yana tambayar jikin mahaifiyata. In aka ɗage shari'a ni yake jira a bakin ƙofa: "Barista, tunda hanya ɗaya ce, sai ka rage mini." A cikin mota kuma yana nuna mini inda na yi sako-sako a jawabina, don shi ba ya son ya ci nasara a kan rago. Da ma'aikatan kotu suka yi yajin aiki a 2021, kotuna suka yi wata biyu a garƙame, Alhaji ramewa ya yi. Na gan shi a kasuwa, riga ta yi masa yawa, ya riƙe hannuna yana tambayar ko na ji wani labari.

Ɗan kwangila iri biyu ne, wanda ya yi aiki ba a biya shi ba, da wanda aka biya bai yi aiki ba. Na farkon yana nan yana sintiri a ƙofar ma'aji, yana tsoron ya yi ƙara a daina ba shi aiki. Na biyun ne mai saurin zuwa kotu, yana neman cikon kuɗin rijiyar burtsatse. Da kotu ta tashi takanas ta je ganin wurin, abin da aka tarar bututu ne a tsaye, an ɗaure akuya a jiki.

Babban lauya mai muƙamin SAN yakan sauko daga Abuja da motoci biyu da yara huɗu masu jan akwatunan littattafai, a kan rumfar tumatir. Ni ba ni da ƙorafi a kansa. A layin gaba yake zama, shari'arsa ake fara kira, ni ma sai in koma ofis kafin hantsi. Albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Wanda ke ɗan sosa mini rai shi ne lauyan waje, abokin Ciyaman, wanda ake ɗaukowa duk lokacin da shari'a ta yi maiƙo. Ni zan nemo takardu, ni zan lallashi Baba, ni zan rubuta kariya, shi ya zo ya sa hannu, bauchar kuɗinsa ta fita cikin mako guda. Tawa ta kuɗin mota tana nan tana jiran sa hannun mutum na huɗu.

Akwai kuma wani lauya da nake gani a kusan kowace kotu, mai hular gashi da ta koma ruwan ƙasa, da baƙar rigar da ta fara kore a kafaɗa. Shi wannan bai taɓa shiryawa ba, bai kuma taɓa rasa dalili ba. Yau shaidansa ya tafi bita. Gobe an sauya shugabanci, yana jiran sabon umarni. Jibi ana maganar sulhu, sulhun da ɗaya ɓangaren a kotu ya fara jin labarinsa. In ya ƙara ja kaɗan hutun shekara ya shigo, sai bayan damina. Nasarorinsa ba a kan wa ya rushe me yake samunsu ba. Tun kafin a kai nan ya miƙe: ya mai shari'a, ba a ba hukuma sanarwar wata guda da doka ta ce a ba ta kafin a yi ƙararta ba, ya mai shari'a, abin ya wuce wata uku da faruwa, dokar kare jami'an gwamnati ta rufe ƙofa. In maganar kwangila ce ko ƙwato fili, inda dokar wata ukun ba ta shiga, yakan gwada duk da haka, ko Allah zai sa. A kori ƙara, ya koma sakatariya ana yi masa barka. Albashinsa kuwa wata-wata ne, ko an yi shari'a ko an ɗage. Na san shi sosai. Tela ɗaya ke mana ɗinki, kuma ba ya sake awo.

In aka kayar da mu, sai a faɗa hannun ma'aji. Ma'aji bai taɓa cewa ba zai biya ba. "Ai yana cikin lissafi." Shekara da shekaru amsarsa ita ce kuɗi na asusun haɗin gwiwa na jiha, ba a sako ba. Da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, na ɗauka an karɓe masa sanda. Ashe da sauransa: yanzu ana jira a ga yadda za a aiwatar. Amma a yaba masa, yana da hanci. Lauyan wanda ya yi nasara zai samo umarnin kotu a kan bankuna goma sha biyar rana ɗaya, kowanne ya zo ya faɗi abin da muke da shi a wurinsa. Su zo, a haɗa, kuɗin bai kai na buhun siminti ba, jiya da yamma aka kwashe. Daga nan masu aiwatar da hukunci su dira a sakatariya da 'yan sanda. Motar Ciyaman ta fita tun asuba, ta sakatare tana wajen bakanike, ta ma'aji sunan matarsa ke kan takardunta. Abin da ake samu a fili tankar ruwa ce marar taya, da firjin ofishin lauya.

Duk waɗannan, in mun haɗu wajen ɗaurin aure, hannu biyu nake ba su. Akwai wanda ko sallamarsa da ƙyar nake amsawa.

Shi ba ya hayaniya. Jami'i ne a sashen kasuwa, mai tsafta, mai sahun gaba a masallacin sakatariya. Littafin rasit biyu gare shi, ɗaya na hukuma ɗaya nasa, kuma wurin bugu ɗaya suka fito. Rumfa ɗaya zai sayar wa mutum uku, kowa da takardarsa, da hatimi, da sa hannu. Ba ya taɓa mai ƙarfi, don mai ƙarfi zai dawo ya shaƙe shi a gaban jama'a. Wadda ta fita takaba da tumuninta ƙulle a bakin zane yake nema, ko tsohon malamin firamare da ya karɓi kuɗin sallama, ko yaron da ya yi shekaru yana tura baro a Legas ya dawo da abin da ya tara. In ta fashe, ba sunansa ke kan sammaci ba, sunan hukuma ne, kuma ni ake turawa in tsaya. In shari'ar ta manyan kuɗi ce kuwa, zan ga wasiƙun cikin gida, waɗanda ni kaina ban taɓa gani ba, sun bayyana a cikin takardun lauyan ɗaya ɓangaren. Ya ci a sayarwa, zai kuma ci a diyya.

Wata irin wannan mata ta zo kotu da rasit ɗinta a cikin ledar burodi, ta ninke shi har ya fara yagewa a kan ninkin. Akuyoyinta ta sayar ta ɗauki lauya, wani yaro sabon fitowa, wanda ya manta da sanarwar wata guda. Jami'in nan ne ya fara lura. Har mota ya biyo ni yana murna: "Barista, ka ga ba su ba da notis ba? Kore ta kawai." Doka tana bayansa. Cikin 'yan mintoci aka kori ƙarar, kuma a ƙa'ida tana iya ba da sanarwar ta sake shigowa, in tana da wasu akuyoyin. Ita ba ta gane abin da ya faru ba, ta tsaya tana tambayar tafinta ko yanzu za a ba ta makullin. Shi kuwa yana baranda, waya a kunne, yana gaya wa wani cewa an gama.

Na rubuta rahoto a kansa. Aka kafa kwamiti, kwamiti ya zauna, aka ci nama aka sha lemo, aka ba da shawarar a sauya masa wurin aiki. Aka mayar da shi tashar mota, inda ko littafi na biyun ba a buƙata.

Yanzu ya yi ritaya, ya jera shaguna a bakin titi. Kwanan baya sai ga sammaci daga kotun ma'aikata: ya yi ƙarar hukuma, wai an danne masa kuɗin wani ƙarin girma, yana so a biya shi har da ruwa a kai. Sanarwarsa ta wata guda ya ba da ita cif, ba kuskuren ko kwana ɗaya. Shari'ar duk ta rataya ne a kan takardar ƙarin girman, wadda ya ce tasa ta ɓace amma akwai ta a fayil ɗinsa na aiki, kuma lauyansa ya nemi mu kawo. Na gangara ƙuryar sakatariya, na yi sallama, na faɗa wa Baba sunan. Bai ɓare goro ba, bai faro daga kakansa ba. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Wannan? Ai ya tafi Jigawa."